Wace shuka zan jera a baranda ta kare ni daga idon mutane?

Maman Ilham:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Shawara nake nema wurin waɗanda suka san harkar shuka. Wata huɗu ke nan da muka tare a wani gidan haya a nan Kano, bene ne, mu ne a sama. Akwai baranda mai tsawon kamar mita 5, faɗinta bai kai mita 2 ba, tana kallon yamma. Ita kaɗai ce wurin shan iskarmu. Nan nake shanya, nan nake so in shimfiɗa tabarma in tsefe wa yarinya kai da la'asar. To amma ƙarfen da aka kewaye ta da shi iya ƙugu ne, kuma a buɗe yake. Tsallaken titi akwai wani benen da tagoginsa biyu suke kallonmu kai tsaye, a ƙasa kuma ga teburin mai shayi da majalisar da ba ta watsewa sai sha ɗayan dare. Ko tsumma zan fita in shanya sai na zura hijabi. Na taɓa rataya tsofaffin zannuwan gado, iska ta yi ta kaɗa su har ɗaya ya faɗa titi, mai gidan kuma ya aiko cewa suna ɓata fuskar gida. Bulo ma ya hana a ɗora. Shi ne na yi tunanin shuka a tukwane. Rana tana dukan wurin tun daga azahar har magariba. Ruwa kuma idan babu wutar da za a ja, wurin 'yan garuwa muke saye. Yarana biyu, ƙaramar yanzu take rarrafe. Me zan shuka?

Uwar Biyu:
Wa alaikumus salam. Bogenbiliya, 'yar uwa, ba sai kin yi dogon tunani ba. Furen nan mai kama da takarda da ke lulluɓe katangun gidajen Nasarawa. Rana ce abincinta. Tawa shekara uku ke nan, ko rana ɗaya ba ta taɓa yin yaushi don zafi ba.

Malam Na-Lambu:
Hajiya, kafin ki sayi ko tukunya ɗaya, ga aikin da za ki fara yi, kuma ba ya cin ko sisi. Gobe da la'asar ki fita barandar ki zauna a ƙasa inda kike son shimfiɗa tabarmar. Ki duba: daga nan wa kike gani? Duk wanda kike iya ganin fuskarsa, shi ma yana ganinki. Sannan ki miƙe tsaye a wurin igiyar shanya ki sake dubawa. Za ki tarar matsalarki biyu ce, kuma maganinsu ba ɗaya ba ne.

'Yan majalisar ƙasa sama suke ɗaga kai. Idan kika toshe ƙarfen nan da ya tsaya iya ƙugu, kika ɗan ja da baya daga bakin baranda, sun daina ganinki. Wannan ba ya buƙatar doguwar shuka, abu mai duhun ganye yake so. Tagogin tsallake su ne masu wuya, don tsayinku ɗaya da su. Amma su ma ba dukkan mita biyar ɗin za ki rufe ba, sai daidai sashen da ke tsakanin tagar da wurin zamanki. Da yawa mutane suna zuwa wurina su kwashi shuka goma sha biyu iri ɗaya su jera kamar sojoji, alhali uku dogaye a wurin da ya dace da huɗu gajeru sun isa. Ki auna ki gaya mana.

Maman Ilham:
Malam na gode, na gwada ɗazu. Gaskiyarka. Ina zaune ba na ganin kowa a ƙasa sai ta tsakanin ƙarafan. Tagogin kuma ɓangaren dama kawai suke kamawa, kamar mita biyu.

Hajiya Babba:
'Yata, ni dai lalle zan ce miki. Mu da muka tashi a ƙauye da shi muka ga ana shinge, shi da zogale da aguwa. Ba ya tsoron rana, ba ya da cin ruwa, reshe kawai za ki yanko ki soka a ƙasa ya kama. Idan kina yawan datse kansa sai ya yi cunkus, ko kaza ba ta ratsa shi. Ga ƙamshin furensa da dare, wanda bai taɓa kwana kusa da lalle mai fure ba bai san abin da nake nufi ba. Ga ganyen ki shanya ki daka ki yi ƙunshi da abinki. Wannan bogen da kuke faɗa, me ake yi da ita ban da kallo? Ga ƙaya kamar ta aduwa, ke kuma kina da mai rarrafe.

Uwar Biyu:
Hajiya, da girmanki, amma lalle ma idan ya tsufa rassansa suna yin tsini. Kuma yaushe zai kai tsayin mutum a cikin tukunya? Baiwar Allah nan yau take neman sutura, ba baɗi ba.

Hajiya Babba:
Tsinin lalle daban, ƙayar waccan daban. Jikata ta taɓa taka busasshen reshenta da aka datse aka bari a ƙasa, sai da ƙafar ta kumbura. Maganar sauri kuwa, ita ma taki ai ba a wata ɗaya ta rufe ba. Ki faɗa mata gaskiya.

Uwar Biyu:
Haka ne, ta kai wata takwas kafin ta rufe, kuma sai da na ɗaura mata waya ina kama rassan ina ɗaurewa. Na yarda da wannan.

Injiniya:
Ku yi haƙuri in shigo da abin da ba wanda ya taɓo, don a wurina ya fi zaɓen shuka muhimmanci. Nauyi. Bokitin fenti mai lita 20 idan aka cika shi da ƙasa aka jiƙa, yana kai kilo 30. Rabin duro, wanda mutane suka fi so don manyan shuke-shuke, lita 100 ne, ya haura kilo 150, wato buhun siminti uku a wuri guda. Ki jera irinsa shida a bakin baranda, kin ajiye buhu goma sha takwas a daidai inda ginin ya fi rauni.

Tambayata Hajiya: barandar tana da ginshiƙai a ƙarƙashinta, ko fitowa kawai ta yi daga jikin gini ba abin da ya tokare ta? Idan ta biyun ce, bakin nan na waje shi ne wurin da bai kamata a tara kaya ba. Masu nauyi su koma kusurwa da jikin bango, marasa nauyi su tsaya a bakin ƙarfe. Kuma ki duba ƙasan dakalin daga waje. Idan kin ga tsaga, ko jan tabo na tsatsa, ko siminti ya ɓantare har rodi ya leƙo, kada ki ɗora komai sai wanda ya san gini ya gani. Ruwan da ke kwanciya a ƙarƙashin tukunya kullum shi ke ratsa siminti ya ci rodi a hankali. Ki ɗora kowace tukunya a kan 'yan katako ko bulo biyu don iska ta riƙa shiga, kuma kada ƙasa ta toshe bututun da ruwa ke fita.

Maman Ilham:
Injiniya, wallahi ban taɓa kawo wannan a raina ba. Maigida ya sauka ya duba, akwai ginshiƙi ɗaya a kowace kusurwa, babu tsaga. Ɓangaren daman da nake son rufewa kusa da ginshiƙin yake.

Injiniya:
Alhamdu lillahi, kin yi sa'a. Manyan su zauna nan kusa da ginshiƙin. Duk da haka kada ki wuce tukwane masu lita 40 zuwa 50, kuma ki rage nauyin ƙasar da buntun shinkafa.

Abu Sadik:
Ni abin da ya dame ni daban ne. Me ya sa mace za ta kashe kuɗi ta yi ta wahalar ban ruwa don wasu sun kasa kame idonsu? Umarnin runtse ido yana nan a Suratun Nur, aya ta 30, kuma maza aka fara yi wa magana. Maigidanki ya je ya sami mai unguwa a yi wa 'yan majalisar magana. Iyayenmu da suka gina gida da zaure da tsakar gida, har soron da ake hawa sai sun yi masa rawani a kewaye, sun san abin da suke yi. Yanzu an kwaso zanen gidajen wasu ƙasashe an dasa mana, baranda tana kallon titi, ba a tambayi matar da za ta zauna a ciki ba.

Maman Ilham:
Malam Abu Sadik, maganarka a kan gini gaskiya ce, ni ma gidanmu na cikin gari mai zaure biyu ne, shi ya sa abin yake damuna haka. Amma in yi musu adalci, ban taɓa kama wani yana leƙe ba. Mutanen tsallake ma iyali ne kamar mu, matar gidan labulenta kullum a sake yake, na san ita ma a takure take. Ba rigima nake nema da maƙwabta ba, so nake in zauna a wurina hankali kwance.

Ɗan Maraɗi:
Gaisuwa daga Nijar. Zafinmu ya fi naku, don haka abin da ya rayu a nan zai rayu a Kano. Ina goyon bayan Hajiya Babba a kan lalle, amma da gyara ɗaya: idan sanyin hunturu ya yi ƙarfi kuma aka bar shi da ƙishi, yana zubar da ganye, sai ki wayi gari shingen ya zama tsinke. Ba mutuwa ya yi ba, zai sake tohowa, amma a lokacin ba ya rufe komai. Kada ki yanke masa ruwa gaba ɗaya a Disamba da Janairu.

Zogale kuma kada ki dogara da shi don sutura. Yana da saurin tashi, cikin wata uku zai wuce kanki, amma ganyensa ƙanana ne, ana hango mutum ta ciki, kuma saiwarsa ƙasa take nutsawa, tukunya gajeriya ba ta yi masa. Ki sa guda ɗaya don miya da kwaɗo, shi ke nan.

Abin da ba wanda ya ambata shi ne ciyawar shayi, wadda muke ce wa sitronel, ku kuma lemon giras. Ita ce maganin 'yan majalisarki. Tana yin tushe mai kauri, ganyen ya tashi ya kai mita ɗaya ya zubo, ya toshe tsakanin ƙarafa tsaf. Bokiti huɗu ko biyar a jere sun gama aikin. Saiwarta ba ta nisa, tukunya mara nauyi ta ishe ta. Tushe ɗaya idan ya cika sai ki raba shi uku. Illarta biyu: tana son ruwa fiye da lalle, kuma gefen ganyenta yana da kaifi, yana iya yankar hannun yaro.

Anti Nas:
Tunda akwai yara, don Allah a faɗi waɗanda ba za a kawo gida ba ko kyauta aka bayar. Na yi aiki a ɗakin yara na asibiti, na ga abin da 'ya'yan bini da zugu suke yi. Yaro yana ganinsu kamar gyaɗa, ya ci uku ko huɗu, sai amai da gudawa. Sai oliyanda, mai dogon siririn ganye da fure ruwan hoda ko fari, wadda ake shukawa a tsakiyar titi. Masu sayarwa za su ce miki ba ta jin rana, kuma gaskiya ne, amma ganyenta da furenta da itacenta duk dafi ne mai taɓa zuciya. Haka 'yar uwarta mai fure ruwan ɗorawa kamar ƙararrawa. Tinya kuwa farin ruwanta idan ya shiga ido sai an yi da gaske. Har yalo bush ɗin da ake shinge da shi, idan ya girma yana yin 'ya'ya ƙanana ruwan lemo masu jan hankalin yara, su ma ba a ci. Mai rarrafe komai baki take kaiwa.

Abu na biyu, farantin da ake sawa ƙarƙashin tukunya. Ruwa ya kwana mako ɗaya a ciki, kin buɗe wa sauro gidan haihuwa a ƙofar ɗakinki. Ki riƙa zubarwa.

Baban Ummi:
Ba wanda zai yi maganar maskured? Dogon nan siriri mai ganye a zube. Ai shi aka sani da rufe gida.

Malam Na-Lambu:
A ƙasa, e. A tukunya a saman bene, ban ba da shawara ba, ko da yake ina sayar da shi. Bishiya ce sosai, asalinta daga Indiya, a ƙasa tana wuce tsayin bene. Shekarar farko a tukunya zai yi kyau. Daga nan saiwa ta cika tukunya, ganyen ƙasa ya fara zuba, sai ya zama sanda mai tuntu a ka, daidai inda ake son rufewa ya buɗe. Ga iskar farkon damina. Duk wanda yake Kano ya san guguwar da ke zuwa kafin ruwan farko a watan Mayu ko Yuni. Doguwar shuka a tukunya ita iska ke fara kamawa, kuma faɗowar tukunya daga bene kan mai wucewa ba ƙaramin abu ba ne. Duk abin da ya wuce mita ɗaya a ɗaure shi da waya a jikin ƙarfe, shukar da tukunyar duka.

Gora ma haka, tana da kyau a hoto, amma hunturu ɗaya ganyenta zai naɗe ya bushe idan ba a bin ta da ruwa safe da yamma. 'Yan ƙananan dabinon ado da ake sawa a falo kuwa ranar yamma ta watan Afrilu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, ƙone su take yi cikin mako biyu.

Bari in faɗi yadda zan yi da ni ne. A mita biyun dama, tukwane uku manya: lalle biyu, bogenbiliya ɗaya a can ƙuryar da yara ba sa kaiwa, a ɗaga rassanta sama a kan waya, duk reshen da ya sauko ƙasa da ƙirjin babba a datse a kwashe nan take. Sauran tsawon, ciyawar shayi.

Ƙasar kuma kada a ɗebo ta bayan gida a zuba haka nan, za ta daskare kamar bulo. Kashi biyu ƙasar gona, kashi ɗaya yashi, kashi ɗaya takin shanu ko na awaki da ya ruɓe ya daina wari, kashi ɗaya buntu. Ɗanyen kashin kaji yana ƙone saiwa, a bar shi. A huda gindin tukunya wuri biyar ko shida. A saman ƙasar a baza ɓawon gyaɗa kaurin yatsa biyu, yana rage bushewa ƙwarai.

Sai launin tukunya, wanda shi ne ke kashe shukar mutane ba su sani ba. Baƙar roba a ranar yamma, taɓa ta da ƙarfe huɗu ki ji, hannu ba ya iya daɗewa. Saiwar da ke jikin robar dahuwa take yi. Ganye ya yi yaushi, mai shuka ya ɗauka ƙishi ne ya ƙara ruwa, saiwa ta ruɓe. A shafa wa bokitin farin fenti, ko a naɗe shi da buhun algarara. Tukunyar ƙasa ta fi sanyi, sai dai ta fi shan ruwa kuma ta fi nauyi.

Bogenbiliya kuma tana da hali guda: ba ta son a taɓa saiwarta. Wajen dashe a yanka ledar da reza a saka ta da ƙasarta gaba ɗaya, kada a girgiza. Idan ta kama, a rage mata ruwa da taki. Wadda ake shagwaɓawa ganye kawai take yi, ba ta fure.

Maman Ilham:
Malam Allah Ya saka da alheri. Ruwa fa? Kamar jarka nawa a rana?

Uwar Biyu:
Tukwanena takwas ne. A bazara jarka ɗaya mai lita 25 kullum, da sassafe ko bayan magariba. Da hunturu kwana biyu take yi min. Da damina sai in yi mako ban ba su ba. Kuma rabinsa ba saye nake ba: na ajiye baho a wurin alwala, ina tara ruwan wankin shinkafa da na ganye. Ruwan wanki mai omo ko bilic ne kawai ba na zubawa.

Hajiya Babba:
To kafin duk waɗannan su girma fa? Kun bar yarinya da hijabi har wata takwas. 'Yata, ki aika kasuwa a sayo miki asabari biyu. A ɗaure su ta ciki a jikin ƙarfe sama da ƙasa, ba a rataye kamar zanen gado ba. Iska tana ratsa shi, ba ya kaɗawa, ke kina ganin waje, na waje ba ya ganinki. Mai gidan ba zai ce ya ɓata masa gida ba. Kuma zai tare wa tukwanen rana suna ƙanana. Idan damina ta sauka ki jefa ƙwayar soso biyu a bokiti ɗaya, kafin wata biyu ya haye wayar ya rufe. Zai bushe da kaka, amma lokacin lallenki ya tasa, ga soson wanka kin samu.

Ɗan Maraɗi:
Hajiya ta gama magana. Abu ɗaya zan ƙara, idan kin ga wani farin abu kamar auduga a maƙale a gindin ganye, ƙwari ne masu tsotsar ruwan shuka. Ki jiƙa ganyen bedi, darbejiyarku ke nan, ya kwana, ki tace, ki ɗiga sabulun wanka kaɗan, ki fesa da yamma. Kada ki fesa da rana tsaka.

Maman Ilham:
Assalamu alaikum, na dawo da labari bayan wata shida. Asabari tun makon farko aka ɗaura, ranar na zauna a barandar ba hijabi har aka kira magariba. Ciyawar shayi bokiti huɗu na fara da su, yanzu shida ne don na raba biyu, ta rufe ƙarfen gaba ɗaya, har matar ƙasa tana aiko yaro ya yankar mata. Lalle ɗaya ya kai kafaɗata, ɗayan ya mutu tun a watan Afrilu. Da na zazzage tukunyar sai na ga ramukan sun toshe, ƙasan ya zama taɓo mai wari. Na sake dasa wani reshen daga mai ran, ya fara toho. Soso ya yi abin da Hajiya ta faɗa, har ya kama igiyar shanya. Guguwar farko ta kayar da bokiti ɗaya da ban ɗaure ba, Allah Ya sa ciki ya faɗo.

Bogenbiliya ce ta ƙi fure. Ta yi tsawo, ganye kore shar, amma ko ɗigon ja babu. Malam Na-Lambu, wani abu na yi ba daidai ba?

Malam Na-Lambu:
Babu abin da kika yi, Hajiya, damina ce, ruwa ya yi mata yawa. Kada ki ƙara mata taki. Idan ruwa ya ɗauke a watan Oktoba, ki bari ƙasar ta bushe har ganyen ya ɗan sunkuya kafin ki ba ta, ki yi haka sau uku ko huɗu. Ki datse kan dogayen rassan da tsawon yatsa. Sabon lallen kuma ki matsar da shi bayan asabari har ya yi ganye shida, sannan ki fito da shi rana.